Wane katin tarot zan saya don yi wa mutane duba?

Tambaya: Malam, ina zaune a Ingila, na koyi karanta katin tarot ta intanet kuma ina son in fara karɓar kuɗi. Ban yarda kati ya san gaibu ba, hanya ce kawai ta taimaka wa mutum ya yi nazarin rayuwarsa. In ɗauki samfurin Rider-Waite ko na Marseille? Akwai wanda hotunansa ba su saɓa wa shari'a ba?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki saya. Kada ki ɗauki ko ɗaya. Damuwarki hotuna ce, amma ko katin fari fat ne hukuncin bai canja ba, domin abin da ya tsayar da ni a wasiƙarki shi ne karɓar kuɗi. Ladan boka haramun ne, babu saɓani.

Maganar cewa nazari ne kawai ita ce abin tsayawa a kai, don na ji masu ilimin zamani suna faɗinta. Asalin katunan nan 78 na wasa ne a arewacin Italiya tun ƙarni na 15. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka mayar da su kayan duba a Faransa, kuma Rider-Waite da ya fito a Landan a 1909 saboda wannan aikin aka zana shi. To matar da za ta biya ki, me za ta tambaya? Ko mijinta zai dawo, ko takardun zamanta za su fito. Ki yamutsa kati, ki zaro, ki fassara, ta tashi da amsa a zuciyarta. Ke kin ce ba ki gaskata ba. Ita ta gaskata, kuma a kan gaskatawarta kika ci kuɗin. Idan kin san katin bai san komai ba, kin yaudare ta. Idan kina jin ya ɗan sani, aƙidarki ta taɓu. Kiban ƙuri'a da Suratul Ma'ida ta haramta ba magana suke yi ba, mutum ne yake zarowa ya ɗora shawararsa a kai. Masu bugun ƙasa ma suna fakewa da hadisin Mu'awiya ɗan Hakam game da wani annabi da yake zane a ƙasa, cewa wanda zanensa ya dace da na annabin ya yi daidai, amma Imam Nawawi ya bayyana cewa ba mu da hanyar sanin dacewa da zanensa, saboda haka hani ne.

Ina tsoron har gwajin da kike yi wa kanki a ɗaki. Mutum kan fara da wasa, wata rana abu ya zo daidai, sai zuciya ta rataya. Ki rabu da katin, ki daina bin masu koyar da shi.

Na lura kina da son sauraron mutane, wataƙila kuma haya ta matsa miki. Ki nemi horon ba da shawara na gaskiya mai takardar shaida, akwai shi a inda kike. Ki koya wa masu zuwa wurinki istihara. Idan kin riga kin karɓi wani abu, ki tuba, ki fitar da shi ga mabuƙata da niyyar rabuwa da shi.

Wallahu a'alam.