Hilux dina tana shan bakin mai

Tambaya: Malam, Hilux dina mai shan gas ce, ina jigilar kaya Katsina zuwa Daura, kafin sabis sai na kara lita daya na bakin mai. Injin ya tafi kenan?

Amsa: Alhaji kwantar da hankalinka, in duk kilomita 5,000 kake sabis, lita daya ba komai ba ne ga injin gas mai daukar lodi a zafin nan namu. Amma in ta koma lita daya duk kilomita 1,000, ko salansa na fitar da shudin hayaki, to maza a kai wa bakanike ya duba ringin fistan da tabo (turbo, mai kara wa inji iska), kar a jira. Ka rika duba gejin bakin mai da safe kafin ka tada ta, a shimfidadden wuri, kuma don Allah ka lura da iya filta (matatar iskar inji), kurar hunturu tana cinye ringi sosai.