Me ya sa suke rage wa bindigar da ka fi so ƙarfi?

Malam, ka ce duk bindigar da ka saba da ita a gem, wato wasan bidiyo, sai kamfani ya rage mata ƙarfi, kana tambaya ko da gangan suke yi don a sayi wata. Da gangan ne kam, amma kuɗi ba shi ne dalilin farko ba. Su suna ganin lissafin da ni da kai ba ma gani, wace bindiga aka fi ɗauka, wacce ta fi kisa, daga wace tazara, to idan guda ɗaya ta mamaye fili sauran sun zama kayan ado kawai dole su taɓa ta, ko su rage illar harsashi ko su ƙara mata girgiza lokacin harbi.

Ka tuna bindigar DMR 14 a gem ɗin harbi na Call of Duty: Warzone? Disambar 2020 ta shigo, kafin ka juya an gama da kai daga nesa, kowa ita yake riƙe da ita har wasan ya gundiri mutane. Raven Software, kamfanin da ke kula da gem ɗin a lokacin, suka rage mata ƙarfi a Janairun 2021, bai wadatar ba, ihu ya ci gaba, sai da suka sake ragewa cikin watan.

Inda nake tare da kai shi ne jinkirin. Sabuwar bindiga ta zo da ƙarfi fiye da ƙima, ana sayar da kwalliyarta makonni, sai bayan mutane sun kashe kuɗi sannan a rage mata ƙarfi, ai dole a yi zargi. Ni shawarata ka riƙa karanta bayanin da suke fitarwa duk sabuntawa, kuma ka koyi bindiga biyu ko uku, kar ka zuba kuɗinka kan guda ɗaya.