Hukuncin buga lambar NAFDAC ta wani a kayanka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni a Gombe nake wajen Pantami, na buɗe ɗan gidan fiya wata, kuɗin rajista da zirga-zirgar takardu sun min yawa, sai abokina ya ce in buga lambar NAFDAC ɗinsa a ledata kafin tawa ta fito. Shin akwai laifi, tunda dokar gwamnati ce ba ta Allah ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa wannan bai halatta ba, kuma matsalar ba ta gwamnati ba ce kaɗai. Lambar nan shaida ce, duk wanda ya gani a leda zai ɗauka an zo an duba rijiyarka da injinka an gwada ruwan, alhali na abokinka aka duba, ka ga ka yi wa mai saye ƙarya kenan tun kafin ya fasa ledar. Muslim ya ruwaito Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, sai ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. To wancan ma danshi kawai ya ɓoye fa.

Maganar dokar gwamnati ce, eh, amma malamai sun ce shugaba in ya sa doka a kan abin da yake halal don kare jama'a, bin ta wajibi ne matuƙar ba saɓon Allah ba ce, kuma mu Malikiyya babin maslaha a wurinmu faffaɗa ne. Duba kasuwa ma ba Turawa suka kawo ba, aikin hisba ne tun zamanin Sayyidina Umar. NAFDAC tun 1993 aka kafa ta, kuma waɗanda suka yi wayo a 2008 ba su manta da maganin haƙoran yara My Pikin ba, yara sama da 80 suka rasu saboda sinadari mai guba da ya shiga ciki. Ruwa kuwa kowa na sha, mai jego da ɗan makaranta, ga amai da gudawa duk damina.

Na san abin da wahala, ga CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ga haraji kala-kala, ƙaramin ɗan kasuwa kafin ya sayar da jaka ɗaya jarin ya zube, kuma masu iko za a tambaye su in suka tsananta. Amma hakan bai halatta maka ƙarya ba, haka ba da na goro don a sa hannu ba a duba ba, cin hanci ne, an la'anci mai bayarwa da mai karɓa.

Mafita, ka dakata da buga leda, ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ka shigar da takardunka a NAFDAC. Kafin nan za ka iya zama dilan abokin naka, ka ɗauki ruwan da aka yi a gidansa da sunansa ka sayar ka ci ribarka. In ka riga ka buga ledojin, kar ka zuba musu ruwa. Wallahu a'alam.