Tambayoyinku: hoton ɗigon ruwa da ƙananan ƙwari da wayar hannu

Jama'a barkanmu da damina. Tunda ruwa ya zauna saƙonnin da nake samu kusan duk sun koma kan abu ɗaya, kowa yana son ya ɗauki hoton ɗigon ruwa a kan ganye ko wani ɗan ƙwaro a bayan gida, kuma kowa yana ganin wayarsa ce ta ci amanarsa. Na zaɓo wasu daga ciki.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam barka da ƙoƙari. Duk sanda na matso da waya zan ɗauki tururuwa ko ɗigon ruwa sai hoton ya fito dishi-dishi, ko na yi zumin ma haka. Wayata mai megafiksel 50 ce. Ina tara kuɗi in sayi mai 108, wacce za ka ba ni shawara?

Ɗan'uwa riƙe kuɗinka tukuna. Wallahi wannan maganar megafiksel, wato ƙirgan ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto miliyan-miliyan, tana ci min tuwo a ƙwarya, saboda na ga mutane da yawa sun sayar da waya mai kyau sun yi ciko sun sayo wadda ba ta kai ta ba, kawai don an rubuta babbar lamba a jikin kwali. Wayar taka mai 50 ɗin nan, in ba ka shiga ka canza da kanka ba, hoton da take ba ka kusan megafiksel 12 ne da ɗoriya, domin tana haɗe ɗigo huɗu su zama ɗaya don ta samu haske. Mai 108 ɗin da kake mafarki ita kuma galibi tara take haɗewa ta ba ka 12. Kaga kenan ka tara kuɗin wata da watanni ka dawo inda ka baro.

Matsalarka tazara ce. Kowace kyamara tana da iyakar kusancin da za ta iya yin fokus, kamar dai idonka, ɗauki yatsanka ka kawo shi dab da hancinka ka ga ko za ka ga zanen jikinsa. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana buƙatar wajen santimita 10, wasu ma fiye, musamman manyan wayoyin nan masu babban sensa, wato farantin da yake karɓar haske a cikin kyamara. Kai kuma ka je ka kifa wayar a kan tururuwa kamar za ka shinshine ta, toh ina za ta gani? Ja da baya kaɗan-kaɗan har sai ka ga hoton ya yi tar a sikirin, nan ne wurinka, kar ka wuce.

Sai zumin. Wannan buɗe yatsu biyu da kuke yi har lamba ta kai 10 ko 20, ba kusanto da komai yake ba, yanko tsakiyar hoton yake ya buɗa shi, sannan manhajar wayar ta shafe shi da mai don ta ɓoye ɓarnar, shi ya sa ƙafar ƙwaron take fitowa kamar an zana ta da alli. In wayar ba ta da lens na musamman na hango nesa, kar ka wuce 2. Ni abinda nake yi kullum kuma nake gaya wa kowa: tsaya a daidai tazarar da fokus ya kama, ɗauka da cikakken girma, daga baya ka yanke gefe a galari. A nan ne kaɗai megafiksel 50 ɗin naka zai yi maka rana, kunna shi in akwai haske sosai, sai ka samu abin yankewa.

Na san za ka ce ai wayata tana da kyamarar makro, wato ta ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa sosai. Duba da kyau. A wayoyi masu sauƙin kuɗi wannan 'yar kyamarar sau da yawa megafiksel 2 ce, kuma fokus ɗinta a kafe yake a wajen santimita 4, ba ya gaba ba ya baya, an sa ta ne don a ƙirga idanu uku ko huɗu a bayan waya. Sau da yawa hoton babbar kyamara da aka yanke ya fi nata kyau nesa ba kusa ba, gwada duka biyun a kan abu ɗaya ka gani da idonka. Makro na gaske a waya shi ne irin wanda Apple ta kawo a iPhone 13 Pro a 2021, inda kyamara mai faɗin gani take yin fokus har zuwa santimita 2, wasu manyan wayoyin Samsung ma haka suke yi. Amma ba sai ka je can ba, ɗan lens ɗin makro da ake maƙalawa da matsi kamar na shanya ana samunsa a wajen masu kayan waya, kuma kuɗinsa ko kusa bai kai na sabuwar waya ba.

Abu na ƙarshe kuma wanda ya fi duka, in ka matso kusa sosai wurin da yake fitowa tar siriri ne ƙwarai, wani lokaci bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da ƙwaron daga fokus. Don haka danna sikirin ka riƙe har fokus ya kulle, dafa gwiwar hannunka a ƙasa ko a kan bulo, sai ka riƙa matsar da wayar gaba da baya a hankali har idon ƙwaron ya fito, ido fa, ba baya ba. Kar ka danna madannin sikirin da ƙarfi kamar mai kashe sauro, sa taima na daƙiƙa 2 ko 3, ko ka sa iyafis mai igiya ka danna madannin ƙara sauti. Kuma ka ɗauki talatin ka zaɓi ɗaya, haka kowa yake yi. Dan Allah kuma kafin duk wannan ka goge lens ɗin, rabin hotunan da ake turo min ana cewa waya ta lalace maiƙon ƙosai ne a jikin gilashi.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Maraɗi: Ina ganin hotuna inda fure yake fitowa a cikin ɗigon ruwa. Haɗi ne na kwamfuta ko gaske ne?

Hajiya gaske ne, kuma za ki iya yi a tsakar gidanki. Ɗigon ruwa shi kansa lens ne, duk abinda yake bayansa yana fitowa a cikinsa ƙarami kuma a juye, sama ta koma ƙasa. Nemi ɗigon da yake reto a ƙarshen ganye ko a jikin siririn reshe, ki sa wani ya riƙe miki fure a bayansa kamar tazarar faɗin tafin hannu, in kina son furen ya fito a tsaye sai a riƙe shi a kife. Fokus ɗin kuma a kan hoton da yake cikin ɗigon za ki sa, ba a kan ganyen ba.

Ganye ma suna da bambanci. Ganyen gwaza da na zogale ba sa jiƙa, ruwa yana dunƙulewa a kansu kamar duwatsun ado, su na fi so. Saƙar gizo bayan yayyafi ita ma ba a magana. In ruwa bai sauko ba ki ɗiga da sirinji, ki haɗa da ɗan gilisirin na kemis, ɗigon zai daɗe bai bushe ba. Iska ce babbar abokiyar gabarki, ki kare wajen da kwali.

Tambaya daga wani a Kumasi: Ina son in kama ruwan yana saukowa, ɗigo-ɗigo a iska, amma sai layi-layi nake samu.

Babban ɗigon ruwan sama yana saukowa da gudun kusan mita 9 a daƙiƙa, kai kuma ka bar waya a kan otomatik cikin duhun hadari. Shiga Pro a cikin kyamara, inda ake saita komai da hannu, kai saurin ɗauka, wato inda aka sa S, zuwa 1/1000 ko sama, ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske, har hoton ya yi haske. Ka tsaya inda haske yake zuwa daga bayan ruwan ko daga gefe, bango kuma mai duhu, misali bakin ƙofar ɗaki ko inuwar bishiya, in bayan fari ne ba za ka ga komai ba. Ruwan indararo ya fi sauƙin koyo tunda ka san inda zai faɗo. In wayarka ba ta da Pro gwada Open Camera, kyauta ce, amma sai wayar ta yarda a sarrafa ta da hannu, ko kuma ka yi bidiyon sulo moshan ka ciro hoto daga ciki.

Kuma kar ka yi mamaki in ka ga ɗigon bai yi tsini a sama ba irin na zanen littafin firamare. Ƙananan a dunƙule suke, manyan kuma iska tana danne su ta ƙasa su baje kamar waina.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Gombe: Ƙwarin ba sa tsayawa, da na matso sun tashi. Wani ya ce in fesa musu maganin sauro su yi laushi.

Subhanallah, Malam kar ka yi. Ka kashe halittar Allah don hoto, kuma hoton ma ba zai yi kyau ba, duk mai ido zai gane ƙwaron da ya sandare ƙafafu a naɗe. Lokaci ne ba ka sani ba. Zafin jikin ƙwari yana bin yanayi ne, da sanyin safiya jikinsu a mace yake, don haka daga masallacin asuba in gari ya fara wayewa ka zarce lambu, za ka samu fara da malam-buɗe-littafi a zaune raɓa a jikinsu, ba sa ko motsi. In ka bari hantsi ya dubi ludayi kam sai dai ka yi ta tsere da su.

Kar inuwarka ta faɗa kansu, kar ka zo ta sama kamar tsuntsu, durƙusa ka zo daidai da tsayinsu. Ka fara da masu haƙuri, ƙoƙi da tsutsa da wannan jan ƙwaron mai laushi kamar karammiski da yake fitowa bayan ruwan farko, wanda in ka ɗauka da kyau ka ƙirga za ka ga ƙafarsa takwas ce, dangin gizo ne. Ɗan gizon nan mai tsalle a jikin bango shi ma yana da daɗin ɗauka, juyowa yake ya kalli kyamara da manyan idanunsa biyu na gaba. Tururuwa kuwa ɗiga mata ruwan sukari ta tsaya da kanta. Rina da gidan zuma ka ba su tazara, hangara kuma kar ka taɓa ta da hannu, ruwan jikinta yana tayar da fata. Filashar waya a kashe, tana ƙona hoton ne kawai, in haske bai isa ba ka haska da tocilar wata wayar daga gefe ka rufe ta da farar takarda.

Tambaya daga wani a Kano: Wayata an ce ba ta shan ruwa, na fita da ita cikin ruwa ina ɗauka, yanzu kyamarar ta yi hazo daga ciki. Na sa ta a shinkafa.

Ciro ta, shinkafar ta yara ce. Apple da kanta ta ce kar a sa waya a shinkafa, ƙurarta shiga ramuka take yi. Kashe wayar, kar ka sa caji, cire tiren sim ka ajiye ta inda iska take kaɗawa, in hazon bai tafi ba bayan kwana ɗaya ko biyu sai wajen mai gyara. IP67 da kake gani a bayanin wayar da aka ce ba ta shan ruwa ma'anarsa ta jure zurfin ruwa mita 1 na minti 30 a gwajin da aka yi tana sabuwa, kariyar tana raguwa da tsufa, in kuwa an taɓa buɗe ta an canza sikirin ko batir toh ka ɗauka babu. Gaba ka tsaya a ƙarƙashin rumfa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Sakkwato: Hoton yana da kyau a wayata, in na tura WhatsApp sai ya lalace.

Danna HD kafin ki tura, ko ki tura shi a matsayin dokumen. A sitatus kuwa sai haƙuri, dole ya matse shi.

Tambaya daga wani mai shagon hoto a Yamai: Yaya ake yi ƙwaro ya fito tar tun daga kai har bindi?

Ba hoto ɗaya ba ne. Ana kafe kyamara a ɗauki da yawa ana matsar da fokus kaɗan-kaɗan, sai a haɗe su a kwamfuta da Helicon Focus ko Zerene Stacker, Photoshop ma yana yi. Levon Biss, mai ɗaukar hoto ɗan Ingila da ya yi aiki da ƙwarin gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford, hotuna kusan 8,000 yake haɗewa ya fitar da ƙwaro ɗaya. Kai ka fara da 10 ko 15, kuma da abinda ba ya motsi, kamar ɓawon da fara ta saɓule ta bari a kan kara.

Tambaya daga wani yaro a Katsina: An ce in na ɗiga ruwa a kan lens ɗin waya zai zama makro.

Yana yi, amma makirfo da filasha suna nan gefe ruwan zai iya shiga, kuma wayar ta babanka ce na sani. Nemi tsohuwar na'urar DVD da ta mutu, ciro ɗan lens ɗin da yake kan idon da ke karanta faifai, ka liƙa shi a kan kyamarar da salatif ta gefe-gefe, kar ka rufe tsakiyar. Sai ka matso kamar santimita 1 kafin ka ga komai.