Went ko had gone: amsa ga sabon malamin Turanci

Malam ƙarami, tambayarka ta iso. Ka ce ɗalibanka masu shirin WAEC da JAMB sun haddace teburin aikatau tsaf, amma da zarar an ba su jimla mai gurbi aka ce su zaɓa tsakanin went da had gone sai su koma canki-canka, kana son sanin ta inda za ka kamo musu bakin zaren.

Matsalar daga harshenmu ta taso, ba daga daƙiƙancin yaran ba. "Ya tafi" guda ɗaya a Hausa tana iya zama he went, ko he has gone, ko he had gone, zancen da ke kewaye da ita ne yake bambancewa. Da yaro ya ga Bature ya raba abu ɗaya gida uku, sai ya ƙirƙiro wa kansa doka cewa had ta abin da ya daɗe da faruwa ce. Wannan dokar ƙarya ce, kuma ita za ka fara tumɓukewa. Rubuta musu a allo: Nigeria gained independence in 1960. Shekara sittin da ɗoriya ke nan, amma simple past ne, wato irin went, domin abu ɗaya aka faɗa da lokacinsa. Sai ka ƙara ta biyu a ƙasa: By the time Nigeria became a republic in 1963, it had been independent for three years. Had ta shigo ne saboda an kafa turke a 1963, ana waiwayen abin da ya gabace shi. In babu turken, had ba ta da wurin ɗaurewa.

Ma'aunin da za ka ba su na cikin bakinsu. Yaro ya mayar da jimlar Hausa a zuciyarsa, ya ji wace kalma ce ta zauna daram a gurbin: "sai" ko "riga". Duba waɗannan biyun. When the police arrived, the thief ran away: da 'yan sanda suka iso, sai ɓarawon ya gudu, wato ya gan su ne ya ranta a na kare. When the police arrived, the thief had run away: ko da 'yan sanda suka iso, ɓarawon ya riga ya gudu, ba su ma haɗu ba. Duk biyun Turanci ne lafiyayye, labarin ne ya bambanta. Inda "sai" ta shiga, abubuwa na bin juna a jere, simple past. Inda "riga" ko "tuni" ta shiga, an koma baya, past perfect, wato irin had gone. Shi ya sa kada ka taɓa koya musu cewa when na kiran had. Ita bakin ganga ce, ko'ina tana bugawa. A nan yaro ya nemi wata alama a jimlar, irin su already ko so they found nobody.

Before da after su ne masu jawo gardama a ɗakin malamai. After he ate, he left daidai ne, After he had eaten, he left ma daidai ne, tunda after ta riga ta nuna wanda ya gabata. Amma a tambayar zaɓi, in an sa had eaten cikin amsoshi kuma ɗaya aikatau ɗin na simple past ne, ita mai tambayar yake nufi. Faɗa musu gaskiyar duka biyun, kada wata rana su ga ta farkon a littafi su ce ka koya musu ba daidai ba.

Akwai kuma sigogin da ba sa bukatar dogon tunani, haddace su ake yi, musamman a JAMB inda tambaya 180 cikin awa biyu ke nufin kusan daƙiƙa 40 ga kowace. No sooner had he entered than the bell rang. Hardly had he entered when the bell rang. Had na zuwa kafin mai aikatawa, no sooner na tafiya da than, hardly da scarcely na tafiya da when, kuma a nan ake dasa tarkon. Sharaɗin da ya riga ya kuɓuce, irin namu na "da ya yi karatu, da ya ci", shi ne If he had studied, he would have passed, ba a sa would a ɓangaren if. Haka I wish I had listened, na da-na-sani. A ɗaya gefen, It is high time we left da I would rather you stayed simple past suke ɗauka duk da ba abin da ya wuce ake nufi ba. Yaran da suka saba da had sukan fāɗa nan.

Wani lokacin yaro ya zaɓi lokacin daidai, siffar aikatau ta kayar da shi. Bayan had siffa ta uku ce kawai: had gone, had begun, had run, had written, ba had went ko had began ba. Nuna musu kuma cewa I had a bicycle simple past ne, had ɗin ta mallaka ce, kuma He had had breakfast ba tuntuɓen alƙalami ba ne.

A insha'in WAEC cutar kan juya: yaro ya cika labari da had daga farko har ƙarshe don a ce ya iya Turanci, mai gyara kuwa yana ta zagaye masa da jan biro. Labari a simple past yake tafiya. Had na fitowa ne a inda aka waiwaya, jimla ɗaya ko biyu, a dawo hanya. Don gwaji, ba su sakin layi na jimla goma da ka cire wa aikatau, biyu kacal masu bukatar had, kowa ya rubuta "sai" ko "riga" a gefen kowane gurbi kafin ya cike shi. Ka gyara abin da ke gefen tukuna, sannan ka duba Turancin.