Ajin Sifaniyanci da Turanci: in saka ɗana ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Bronx, birnin New York, kuma Hausa muke yi a gida. Ɗana zai cika shekara 4 bana. Makarantar unguwarmu tana da ajin Pre-K, wato ajin share fagen shiga firamare, iri biyu, na Turanci zalla da mai haɗa Turanci da Sifaniyanci. Maigida yana tsoron harsuna uku su rikita yaron. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki kwantar wa maigida da hankali, yawan harsuna ba ya jawo jinkirin magana. In kika ji yaron ya ce “ba ni agua”, wato ruwa da Sifaniyanci, ba ruɗewa ya yi ba, kalmar da ta fi kusa da bakinsa ya ɗauko. Tsarin aji mai harsuna biyu ma ba sabo ba ne a Amurka, tun 1963 aka fara shi a makarantar Coral Way da ke Miami. Sifaniyanci kuwa mutum sama da miliyan 40 ke yinsa a gidajensu a ƙasar, ke ma kina jinsa kullum a shago da asibiti.

Sai dai ajin suna ya tara. Kafin ki cike neman gurbi a MySchools, shafin intanet na makarantun birnin, je ki makarantar da ƙafarki. Tambayi yadda suke raba lokaci: wasu rabi da rabi suke yi, wasu kashi 90 Sifaniyanci, kashi 10 Turanci a shekarun farko. Ga yaron da Turancinsa bai zauna ba, rabi da rabi ya fi dacewa. Ki nemi zama a ajin ko da minti 30 ne. Duba littattafan kan kanta, da rubutun da aka manna a jikin ƙofa da kujeru, ko da harsunan biyu ne. Sannan ki kasa kunne ga malama. In tana faɗin abu da Sifaniyanci ta maimaita nan take da Turanci, akwai matsala, domin yara sukan toshe kunne su jira harshen da suka fi ganewa. Malamar da ta san aikinta takan ɗaga kofi, ta nuna da hannu, ta saka waƙa, ba ta fassarawa.

Tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce: ajin zai ɗore har ƙarshen firamare? Hirar wasa takan samu cikin shekara biyu, amma harshen karatu yana cin shekara 5 zuwa 7. Shekara ɗaya tak, daga nan a koma Turanci zalla, ƙirga da sunayen launuka kawai za su rage masa.

Kada ki firgita in ya yi makonni yana shiru a aji, sauraro yake. Amma in a Hausar ma ba ya haɗa jimla, ko sai an ɗaga murya yake juyowa, a gwada jinsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne Hausar. Turanci zai same shi a titi da talabijin, Sifaniyanci a aji, Hausa kuwa ba ta da mai koya masa sai ku. Ku riƙe ta wajen cin abinci, da tatsuniya kafin barci, da kiran bidiyo ga kakanni. Zai ma ci ribarta, tunda wasulan Sifaniyanci biyar ne kamar na Hausa, a, e, i, o, u.

Tambaya: Wata makarantar kuɗi tana tallar Sifaniyanci, amma minti 30 ne sau biyu a mako. In biya?

Amsa: Malam, wannan ɗanɗano ne, ba zai sa yaro ya iya harshe ba. In don Sifaniyancin za ka biya, riƙe kuɗinka. Pre-K na birnin kyauta ne tun 2014, awa 6 da minti 20 a rana, sai ka nemi mai harsuna biyu mafi kusa da gida.