Tambaya da Amsa: Kwana a Dover kafin shiga jirgin fito

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da iyalina za mu tsallaka daga Ingila zuwa Faransa da motarmu, jirginmu zai tashi daga Dover ƙarfe 7:30 na safe. An ba mu shawara mu kwana a ƙaramin masaukin da ake kira B&B. Me ya kamata mu sani? Daga wani mai karatu a Landan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar tana da kyau, amma ka sani B&B gidan mutum ne mai ɗakuna kaɗan, kuɗin kwana ya haɗa da karin kumallo, kuma babu ma'aikacin da ke kwana a bakin ƙofa yana jiran baƙi. Galibi ana karɓar baƙi daga la'asar zuwa wajen ƙarfe 8 ko 9 na dare. Idan cunkoso ya riƙe ku a babbar hanyar M20 mai zuwa Dover, ka buga wa mai gidan waya tun da wuri, sau da yawa zai bar makulli cikin ɗan akwati mai lambobin sirri.

Lissafin lokaci kuwa daga baya ake faro shi. Jiragen da ke zuwa Calais da Dunkirk, garuruwan gaɓar Faransa, suna tashi ne daga sashen tashar Dover da ake kira Eastern Docks, kuma jami'an Faransa a nan Dover suke duba fasfo kafin a shiga jirgi. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Schengen, wato bizar shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, takardar zama a Ingila ba ta wadatar. Dubi tikitinka ka ga lokacin rufe rajista, yawanci kusan awa 1 kafin tashi, ka ƙara wata awa idan lokacin hutun makarantu ne. Ke nan ƙarfe 5:30 ko 6 ku bar masauki, alhali yawancin gidajen ba sa ɗora tukunya kafin 7. A nan mutane ke asarar abincin da suka biya. Kafin ka biya, tambaya ko za a haɗa muku guzuri tun da dare, kuma ka kammala biyan kuɗin kwana kafin ku kwanta. Tsallakawa zuwa Calais kusan minti 90 ne, agogon Faransa kuma yana gaba da awa 1.

Tambaya: Ni damuwata abincin ne. Musulmi zai iya cin karin kumallonsu? Daga wata mai karatu a Abuja.

Amsa: Hajiya, damuwarki a kan hanya take. Cikakken karin kumallon Ingila yana ɗauke da naman alade iri biyu, yankakke da tsiran-alade, wani lokaci har da wani baƙin curi da ake yi da jini. Ki nemi farantin marasa cin nama: ƙwai, wake, tumatir, burodi da shayi. Ki roƙa a soya ƙwan a kasko daban, domin wasu a man da aka soya naman suke fasa shi. Dafaffen ƙwai ya fi kwanciyar hankali.

Game da guzuri, tun Janairun 2021 an hana matafiyi shiga Tarayyar Turai daga Birtaniya da nama ko kayan madara. Kilishi, dambun nama da burodi mai cuku duk suna ciki, sai a cinye su kafin a kai shingen bincike.

Ki tabbatar ɗakin yana da banɗakinsa a ciki, don wasu na haɗaka ne, kuma ki tafi da buta. Da yawa tsofaffin gidaje ne, matakalarsu ƙunci gare ta, mai ciwon gwiwa ya nemi ɗakin ƙasa. Kada a kunna turaren wuta: na'urar hayaƙi za ta tashi gidan duka, ana iya cajin ku kuɗin tsaftace ɗaki. Mai mota kuma ya tambaya ko gidan yana da wurin ajiye mota a harabarsa, ya kwashe fasfo da jakunkuna zuwa ɗaki kafin ya kwanta.